Sony ZV-E10: ta dace da mai ƙaramin jari, amma ba ta filin rawa ba ce

Duk wanda ya zo min da kuɗin da ba su kai na babbar kyamara ba, kuma yana son bidiyon da zai fita tas, Sony ZV-E10 nake fara nuna masa. Da ita nake neman abinci a nan Kano: tallan atamfa da turaren wuta na matan da ke kasuwanci a Instagram, karatun malamai, hira, sai biki idan ya samu. Na san inda take da ƙarfi, na san inda take durƙushewa, don haka ba zan yi mata irin kirarin da 'yan shago suke yi mata ba.

A 2021 ta fito. A lokacin, dala 700 ake sayar da jikinta kaɗai, dala 800 idan an haɗa da ƙaramin lens ɗinta na 16-50mm. Kuɗinta a naira kuwa dala yake bi, abin da aka faɗa maka a wannan watan ba lallai ka tarar da shi a watan gobe ba. Abin da ya taimaki irinmu shi ne fitowar ƙanwarta, ZV-E10 II, a 2024. Masu hali a Turai da Amurka suka fara sakin tsohuwar, ta hannu ta yawaita a wajen masu shigo da kaya.

Abin da ka biya kuɗinsa a cikinta shi ne sensa, wato farantin da ke bayan lens wanda yake kama haske ya mayar da shi hoto. Girman APS-C ce, megafiksel 24, ta ninka ta wayar hannu sau da yawa a faɗi. Idan ka saita 4K a 25p, wato hoto 25 a kowace daƙiƙa, kyamarar tana karanta duk faɗin sensar, wato kusan 6K, sannan ta matse hoton ya dawo 4K. Shi ya sa zaren leshi da aikin wuyan babbar riga suke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Mai sayar da shadda ba ta buƙatar ta rantse cewa kayanta na da ƙyalli, bidiyon ya riga ya faɗa. Amma idan ka koma 30p, sai ta yanke gefen hoton, wurin ya ƙara matsewa. A ƙasarmu ma babu dalilin zuwa 30p ɗin. Wutar lantarkinmu a 50Hz take tafiya, ta Amurka kuma a 60Hz. Wanda ya kwafi saitin da Ba'amurke ya koyar a YouTube, ya sa 30p da shota 1/60 (shota ita ce tsawon lokacin da kowane hoto yake shan haske), zai shiga ɗakin taro ya ga hasken fitilu yana rawa, wasu baƙaƙen layuka suna hawa da sauka a fuskar amarya. Ka zaɓi PAL, tsarin bidiyon da ya dace da wutar 50Hz, ka sa 25p, shota 1/50. Idan janareto ne kuma ba ya tafiya daidai, ka ɗan motsa shotar sama ko ƙasa kana kallon allo har rawar ta lafa.

Fokos ɗinta ne ya sa na bar duk wata kyamara da ke wannan farashin. Tana kama ido ta riƙe. Malami yana karatu, ya sunkuya kan littafi, ya ɗago, ya juya ga alaramma, ba ta sake shi ba. Ga wanda yake aiki shi kaɗai, babu mai ja masa fokos, babu mai riƙe masa fitila, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Akwai wani maɓalli kuma da aka yi domin masu talla, sunansa Product Showcase. Idan ka kunna shi, da zarar Hajiya ta ɗago kwalbar humra ta miƙo gaban kyamara, fokos ya bar fuskarta ya koma kan kwalbar, tana saukewa ya dawo. Kafin wannan, sai ka ce mata ta rufe fuskarta da kayan, ko ta sa tafin hannu a bayansa, ana yi ana maimaitawa har ranta ya ɓaci. Ni wannan maɓallin kaɗai ya mayar min da wani kaso na kuɗina.

Sai maganar tsawon ɗauka, wadda masu zuwa tafsirin azumi za su fi kowa fahimta. Tsofaffin Canon da muka taso muka tarar a hannun iyayen gidanmu a Zoo Road, su 600D da 5D Mark III da 80D, duk suna tsayawa kafin cikar minti 30. Dole ka tsaya a kansu kana kallon agogo, kuma sau da yawa a tsakiyar aya suke yankewa. ZV-E10 ba ta da wannan iyakar. Muddin akwai wuta da fili a memori, tana tafiya. Tana kuma karɓar wuta ta USB-C tana cikin ɗauka, saboda haka fawa bank ɗin da kake cajin waya da shi zai riƙe maka ita har a shafa fatiha. Ni ɗaure shi nake yi a ƙafar tirafod da roba.

Dole ma ka yi hakan, domin batirinta, NP-FW50, ƙarami ne ƙwarai. A 4K da ƙyar yake wuce awa ɗaya da 'yan mintuna. Wanda zai fita aiki da ita ba tare da batir uku ba, da caja mai cin biyu a lokaci guda, bai shirya ba. Sabuwar ta 2024 an sa mata babban batir, NP-FZ100, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa kuɗinta ya haura.

Yanzu ga inda take durƙushewa. Babu abin hana girgiza a cikin jikinta. Ƙaramin lens ɗin da take zuwa da shi yana da nasa, yana ɗan taimakawa idan kana tsaye wuri ɗaya. Akwai kuma na lantarki da ake kira Active, amma shi yanke hoton yake yi sosai kafin ya daidaita shi, har ɗakin amarya da dama can ƙarami ne ya gagare ka ɗauka gaba ɗaya. Idan ka ce za ka bi ango da abokansa da ƙafa daga mota zuwa cikin zaure, kyamara a hannu, mai kallo sai ya ji jiri.

Wanda ya fi wannan damuna shi ne yadda sensar take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, kuma a 4K ba ta da sauri. Ka juya kyamarar da hanzari daga mai kiɗa zuwa masu rawa, za ka ga ginshiƙan ɗakin taro sun karkace, ƙofa ta kwanta gefe. A wurin dina kuma ga masu ɗaukar hoto suna ta walƙa filasha ta ko'ina. Kowace walƙiya sai ta raba maka hoton biyu, sama fari fat, ƙasa duhu. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ta, kuma duk mai gyaran da ya ce zai cire maka wannan kuɗinka kawai zai ci. Idan ka sauko 1080p karkacewar tana raguwa sosai, kuma a nan ne za ka samu 50p da 100p na jan hoto a hankali, irin wanda ake so lokacin liƙi. Sai dai 1080p ɗinta ba shi da kaifin 4K ɗin ko kusa. Idan ka haɗa su a aiki ɗaya, mai ido zai gane inda ka sauya.

Saboda haka ni a biki ga yadda nake raba aiki. Kamu, da zaman lalle, da nasihar iyaye, da buɗar kai, duk inda mutane suke zaune ko suke motsi a natse, ZV-E10 a kan tirafod, 4K. Filin rawa kuwa, ko dai in ɗora ta a gimbal, wato mariƙin da ke daidaita kyamara ya hana ta girgiza, in riƙa juyawa a hankali, ko in ari wata kyamarar a wajen abokin sana'a. Wanda biki ne kaɗai abincinsa, kullum yana cikin turmutsutsu, gaskiya ba ita zan fara ba shi shawara ba.

Ba ta da 'yar tagar nan da ake kafa ido a leƙa. Allo ne kawai, mai buɗewa gefe ya juyo gaba. A cikin ɗaki lafiya lau, har ya fi, domin mai magana yana ganin kansa, ga kuma jar fitila a gaba da ke nuna masa an fara ɗauka. Amma ɗaurin aure a ƙofar masallaci bayan Juma'a, rana tana tsakiyar ka, kusan da ƙiyasi kake aiki. Akwai 'yar rumfa da ake saya a maƙala wa allon, wasu kuma hularsu suke kifawa.

Tunda an zo maganar rana, bari in daɗe a nan, don ita ce matsalar da bidiyon Turawa ba ya koya maka. Mu baƙaƙe ne, kuma ranar taro fararen kaya muke sawa. Fuskar ango tana son a ƙara haske, farar shaddarsa mai sitati tana son a rage. Kyamarar tana da saitin da ke fifita fuska wajen auna haske, kuma idan ka bar mata ta yi yadda take so, za ta haska fuskar ta ƙone rigar, aikin da aka biya maɗinki kuɗi masu yawa a kansa ya zama farin fili babu zare ko ɗaya. Abin da ya ƙone a bidiyo kuma ba ya dawowa wajen tacewa. Abin da nake yi shi ne in kunna layukan zebra, waɗanda ke fitowa a allo a kan wurin da haske ya yi yawa, in sa su a 100, in riƙa rage haske har su bar jikin rigar, sannan in nemo wa fuskar haske daga wani wuri: ko in juya mutumin ya fuskanci inda hasken yake, ko in sa yaro ya riƙe farin allo yana mayar masa da rana. Idan da hali, a ja mutane inuwar bishiya ko ƙarƙashin rumfa. Gilashin rage haske na ND kuwa, wanda ake ɗaurawa a bakin lens, ba kayan ado ba ne a garin nan. In babu shi ba za ka iya riƙe shota a 1/50 da rana ba, sai dai ka tsuke lens ɗin har abin da ke bayan mutum ya daina narkewa, wato ya daina yin dishi-dishin da ke fito da mutumin.

Za ka ji yara suna ta zancen S-Log, saitin da ke ɗaukar hoto a koɗe don a gyara kalarsa daga baya, wai shi ne sirrin kalar fim. Tana da shi, har iri biyu, da wani saitin kalar mai suna HLG. Amma kyamarar 8-bit take ɗauka, kalolin da take adanawa ba su da yawan da za su jure a ja su da ƙarfi. Ka ɗauka da S-Log3, ka zo gyaran kala, sai sararin sama ya rarrabu hawa-hawa, fatar mutum ta yi dabbare-dabbare, musamman a wurin da haske ya yi ƙaranci. Ni na fi son in daidaita farin haske da hannuna tun a wurin, in ɗauka da kalar da ta zo da ita, in ɗan taɓa kaɗan daga baya. A fitilun ɗakin taro masu shuɗi da ja da kore, kada ka bar mata zaɓin farin haske, za ta riƙa sauya kalar fuska duk lokacin da fitila ta juya. Akwai kuma saitin da ke laushe fata. Amare suna son sa, amma ga dattijo mai gemu sai ya mayar da fuskarsa kamar an shafe ta da man kaɗanya. Ka duba shi kafin ka fara.

Lens ɗin 16-50mm da take zuwa da shi, na rana ne. Buɗewarsa daga f/3.5 zuwa f/5.6 take, kuma idan lambar ta ƙaru hasken da ke shiga raguwa yake, wato da ka jawo hoto kusa sai ya ƙara duhu. Da magariba ta yi, ko aka shiga ɗakin da ƙwai ɗaya ne a silin, sai hoton ya cika da yashi. Kada ka yar da shi, yana da amfani a gimbal saboda rashin nauyi. Amma ranar da ka ɗaura mata Sigma 30mm f/1.4, ko 16mm f/1.4 idan ɗakunan da kake shiga ƙanana ne, ranar za ka san abin da ka saya. Bayan mutum ya narke, fuska ta fito, hasken taga ɗaya ya ishe ka hira. Sony 50mm f/1.8 mai OSS shi ma yana da sauƙin kuɗi, ga shi da abin hana girgiza, ya dace da ɗaukar malami daga nesa ba tare da ka tsaya a gaban jama'a ba. Wannan ita ce babbar fa'idar bakin E na Sony, wato mahaɗin da ake ɗaura mata lens: Sigma da Tamron da Viltrox duk suna yi masa lens, na hannu kuma suna yawo a kasuwa. Masu tsofaffin lens na Canon suna iya haɗawa da adafta, sai dai fokos ɗin ba zai yi saurin da na yaba a sama ba, kuma shi ne dalilin sayen kyamarar tun farko.

Sauti kuwa, a nan ta yi wa na kusa da ita fintinkau, don tana da ramin makirufo da na abin kunne duka biyu. Kana ɗauka kana jin abin da ke shiga. Wanda ya taɓa dawowa gida da karatun awa biyu ya tarar da ƙugin fanka ya danne muryar malami ya san darajar wannan ɗan ramin. Makirufon da ke kanta ya fi na yawancin kyamarori, har da 'yar gashin tare iska take zuwa, amma amfaninsa idan mai magana yana kusa ne, kamar tsawon hannu. Da ya yi nisa, ka nemi na maƙalawa a wuyan riga. Boya BY-M1 mai waya, wadda tsawonta ya kai mita 6, kuɗinta kaɗan ne kuma tana aiki. Idan jari ya ƙaru sai a koma marar waya, irin su Hollyland ko Rode ko DJI. Mutanenmu a waya suke kallo, kuma WhatsApp zai matse hoton ko da me ka ɗauka. Za su haƙura da hoton da bai kai ba, amma muryar da ba a ji, wucewa suke yi.

To me ya sa ake wahala da 4K ɗin? Saboda yanka. Daga ɗauka ɗaya ta kwance zan fitar da ta YouTube, in kuma yanko ta tsaye domin TikTok da sitatus, ba tare da hoton ya dushe ba. A hira kuma ina iya matsowa kusa da fuska wajen tacewa, ya zama kamar kyamara biyu aka kafa. Farashin hakan shi ne wuri. A saitin ingancin ɗauka na 100Mbps, awa ɗaya tana cin kusan gigabayit 45, wato memori mai 64 ba zai kai ka awa ɗaya da rabi ba. Akwai 60Mbps, wanda ke cin kusan 27 a awa, kuma ga mai zaune yana magana ba za ka ga bambanci ba. Memorin dole ya zama mai sauri, mai alamar U3, in ba haka ba ba za ta yarda ta ɗauki 100Mbps ba. A nan ne jabu ya yi yawa. An taɓa sayar min da wani a wani shago, kwalinsa da tambarinsa babu abin da ya raba shi da na gaske, amma rabin abin da aka rubuta a jikinsa ma bai ɗauka ba. Ka cika sabon memori da bidiyo a gida, ka kwafe a kwamfuta ka buɗe kowane fayil, kafin ka kai shi wurin aikin mutane. Ramin memori ɗaya ne da ita, babu na biyu da zai cece ka.

Zafi da ƙura, su ma sai an yi musu shiri. Jikinta ƙarami ne, babu fanka, kuma watan Afrilu a Kano ba ya wasa. A cikin saiti akwai Auto Power OFF Temp., ka mayar da shi High tun ranar farko. Ka buɗe allon ya rabu da jikinta don zafi ya samu hanyar fita, kada ka bar ta a rana ko a cikin mota a rufe. Ba a kuma yi ta da kariyar ƙura ko ruwa ba. Da ka cire lens, sensar tana nan a fili tana kallonka. Lokacin hunturu ba na sauya lens a waje ko kaɗan, sai na shiga mota ko ɗaki, bakin kyamarar yana kallon ƙasa. 'Yar robar hura iska ta zauna a jakarka.

Wani abin dariya shi ne ƙanƙantarta, gram 343 ce da batir da memori. Wata uwar amarya ta taɓa dubana ta ce, "Malam, da wannan 'yar mitsitsiyar za ka ɗauke mu? Ina babbar?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki ga aikin tukuna." Shi ya sa za ka ga yara suna saka ta a kejin ƙarfe, su ɗora makirufo da hannun riƙewa a sama. Rabi don amfani ne, rabi don kwarjini, kuma ban ga laifinsu ba.

Akwai wasu a wannan layin. Canon M50 tana da arha kuma kalarta na da daɗi a fatarmu, amma 4K ɗinta yankakke ne ƙwarai, kuma a 4K ɗin fokos mai kyau na Dual Pixel ba ya aiki. Ga shi Canon ta bar layin M da wannan kyamarar take ciki ta koma wani mai suna RF, sabon lens nata ba zai ƙara zuwa ba. Canon R50 ta 2023 ita ce abokiyar karawarta ta gaske: 4K mai kyau, fokos mai kyau, ga tagar leƙawa, sai dai babu ramin abin kunne kuma tana tsayawa a awa ɗaya. Panasonic G7 ta 2015 ta fi su duka sauƙin kuɗi, amma fokos ɗinta yana kai-komo a bidiyo. Wanda ya iya jan fokos da hannu, kuma biki ne aikinsa, ya nemi Panasonic GH5 ta hannu. Tun 2017 take, amma tana da abin hana girgiza a jiki, 4K a 50p, ramin memori biyu, da jiki mai jure wahala. Wanda kuma duk aikinsa da rana ne, gajerun bidiyo na TikTok, kuma yana riƙe da iPhone ko Samsung mai kyau, ya sayi makirufo da fitila da tirafod tukuna, kyamara ta jira.

Idan kuɗinka sun kai ka sayi sabuwar ZV-E10 II amma babu ragowar ko sisi, ni tsohuwar zan ce ka ɗauka, ragowar ka zuba a lens ɗaya mai f/1.4, makirufo, batura, memori biyu na gaske, gilashin ND da fitila mai aiki da batir.

Idan ta hannu za ka saya, ko a Kano ko a Computer Village ta Ikeja ko a wajen masu tallatawa a intanet, kada ka tura kuɗi sai ka riƙe ta a hannunka. Ka je da memorinka. Ka tsuke lens zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, duk wani tabo ko ƙarzuwa a sensa zai fito. Ka soka makirufo da abin kunne ka motsa wayar, ka ji ko sauti yana yankewa. Ka gwada ramin USB da fawa bank, ka buɗe allon ka juya shi har ƙarshe. Ka shiga saiti ka tabbatar akwai zaɓin PAL da 25p, ka kuma duba harshe, domin waɗanda aka yi wa kasuwar Japan da Japananci kaɗai suke zuwa. Sannan ka kunna 4K ka ajiye ta a kan teburin mai shagon ta yi minti 30 tana ɗauka, kuna ciniki.